Idan VM ta ƙi samun adireshi a GNS3: yadda ake bin sawun DHCP

Ka zana cibiyar gwajinka a GNS3, manhajar kwaikwayon cibiyar sadarwa: ga rauta, ga siwic, ga kwamfutoci, ka ja wayoyi, fitilu duk sun yi kore. Ka buɗe VPCS, ƙaramar kwamfutar gwaji da ke zuwa da GNS3, ka rubuta `ip dhcp`, sai ya nuna `DDD`, ya biyo da `Can't find dhcp server`. Ko kuma Windows ɗin da ke cikin VM (kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin kwamfutarka) ta ɗauki adireshi mai farawa da 169.254, wanda alama ce ta cewa ta yi kira babu wanda ya amsa, sai ta raɗa wa kanta. A nan ne yawancin masu koyo ke fara lalube cikin duhu: a goge rumbun adireshi (pool, jerin adireshin da ake rabawa) a sake rubutawa, a kashe rauta a kunna, a cire VM a mayar. Wani lokaci abin ya gyaru ba tare da an san dalili ba, gobe kuma ya dawo.

Akwai hanya mafi sauƙi. DHCP, tsarin da saba ke raba wa kwamfutoci adireshin IP da shi, saƙo huɗu ne kawai, kuma kowanne yana bin waya. In ka gano inda saƙon ya tsaya, ka gano matsalar.

Saƙonni huɗu da ma'anar harufan VPCS

Kwamfutar da ba ta da adireshi tana fara da shela, wato Discover. Tana aika shi daga 0.0.0.0 zuwa 255.255.255.255, daga tashar UDP 68 zuwa ta 67. Sabar da ta ji sai ta yi tayi da Offer. Kwamfutar ta amsa da Request, cewa ta yarda da wannan tayin. Sabar ta rufe ciniki da Ack. Haka RFC 2131 ta tsara tun 1997. Adireshin haya ake bayarwa: idan rabin wa'adin ya wuce, kwamfutar na komawa wurin sabar ta sabunta, in ba ta same ta ba har kashi 87.5 cikin 100 na wa'adin ya wuce, sai ta sake yin shela ga duk sabar da ke ji.

VPCS yana buga harafi ɗaya ga kowane saƙo, shi ya sa ya fi kowace VM amfani wajen bincike. `DORA` na nufin komai ya tafi daidai. `DDORA` ma lafiya lau ne: rautan Cisco yakan yi ping sau 2 ga adireshin da yake shirin bayarwa don ya tabbata babu mai riƙe da shi, kafin ya gama sai VPCS ya sake shela. `DDD` kuwa shela uku ce babu amsa. Saboda haka ko da VM ɗin Windows ko Ubuntu ce ke ba ka wahala, jawo VPCS guda ka jona shi a siwic ɗaya, a VLAN ɗaya da ita (VLAN rukunin bakunan siwic ne da aka keɓe a matsayin cibiya guda). In VPCS ya samu adireshi, cibiyar ba ta da laifi, koma kan VM ɗin. In shi ma bai samu ba, bar VM ta huta, ba a nan gizo ke saƙar ba.

Sai ka saurari wayar. Danna maɓallin dama na linzami a kan wayar da ta fito daga VM, zaɓi Start capture, Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke bin waya, zai buɗe. Rubuta `dhcp` a wurin tacewa. Idan Wireshark ɗinka tsoho ne da ya riga sigar 3.0 fitowa, `bootp` za ka rubuta. Daga nan ka sa kwamfutar ta sake nema: `ipconfig /release` da `ipconfig /renew` a Windows, `sudo dhclient -v` tare da sunan katin a Linux mai dhclient, ko `sudo networkctl renew` shi ma tare da sunan katin a inda systemd-networkd ke aiki. Abin da za ka gani ba ya wuce uku: babu Discover kwata-kwata, akwai Discover babu Offer, ko kuma Offer ya zo amma abin da ke cikinsa ba shi kake so ba.

Babu Discover a kan wayar

Wannan ita ce matsalar da ta keɓanta da VM, kuma ita ce ta fi cin lokaci, domin VM wayoyi iri biyu gare ta: wadda ka zana a GNS3, da wadda VirtualBox ko VMware ya ɗaura mata a bayan fage. Zanen na iya nuna an jona, alhali katin yana can wani wuri.

A VirtualBox, buɗe Settings, shiga Network, ka duba kowane kati. Wanda GNS3 zai yi amfani da shi dole ya kasance a kan Not attached kafin ka kunna VM ɗin daga cikin GNS3. Shi GNS3 ne zai mayar da shi Generic Driver mai suna UDPTunnel da kansa. In ka bar katin farko a kan NAT, VM za ta samu 10.0.2.15 da ƙofar fita 10.0.2.2, har intanet za ta buɗe, ka ɗauka an gama, alhali ba ta taɓa magana da rautanka ba. In ka ga 10.0.2.15 a VM ɗin VirtualBox, daga VirtualBox ɗin ya fito. Haka 192.168.56.101 zuwa sama, wannan na Host-only ne, sabarsa na zaune a 192.168.56.100. In ba ka son sauya katunan da hannu, cikin saitin VM ɗin a GNS3 akwai akwatin da ke cewa Allow GNS3 to use any configured VirtualBox adapter, sa masa alama. Kada ka manta da ɗan akwatin Cable Connected da ke ƙarƙashin Advanced, cire alamarsa daidai yake da zare waya daga bango. Kuma daga GNS3 ake kunna VM, ba daga tagar VirtualBox ba.

Kuskuren ƙirga ma na faruwa. GNS3 daga 0 yake ƙirga katuna, VirtualBox daga 1. Ethernet0 na GNS3 shi ne Adapter 1. Mutum zai ja waya zuwa Ethernet1 yana jiran adireshi a katin farko.

A VMware Workstation, VMnet0 na haɗi da katin uwar kwamfuta ne, VMnet1 na Host-only, VMnet8 na NAT. GNS3 yana buƙatar wasu VMnet na daban, daga VMnet2 zuwa sama, guda ɗaya ga kowace waya da za ta shiga VM. In ba a ƙirƙire su ba, VM ba za ta jonu ba. Ana yin su daga Preferences, sashen VMware, da maɓallin Configure, kuma yana neman izinin mai gudanarwa.

Idan duk wannan daidai ne, shiga cikin VM ɗin. A Linux rubuta `ip link`. Sau da yawa katin na nan amma sunansa ya sauya: faifan da aka girka a VirtualBox yana kiran katinsa enp0s3, a VMware yakan zama ens33, a QEMU kuma ens3 ko makamancinsa. Fayil ɗin netplan da ke /etc/netplan/ yana nan yana neman adireshi wa enp0s3 da babu shi, sabon katin kuwa yana kwance babu mai tashinsa. Gyara sunan, tabbatar akwai `dhcp4: true`, sannan `sudo netplan apply`. A Windows da ke kan QEMU, in ka zaɓi kati nau'in virtio-net-pci, Windows ba ta zuwa da direbansa, don haka ba za ta ga kati ba sam. Ko ka girka direban virtio, ko ka mayar da katin e1000, wanda ya fi sauƙi a ɗakin gwaji. Su kuwa kwantenonin Docker a GNS3 ba sa neman adireshi sai an ce su nema: tsayar da kwantenar, zaɓi Edit config, cire alamar # daga gaban `auto eth0` da `iface eth0 inet dhcp`, sannan ka kunna.

Akwai Discover, babu Offer

Yanzu ka matsa gaba. Buɗe Wireshark a waya ta gaba, da ta gabanta, har ka kai bakin sabar. Wayar farko da ba ka ga shelar a kanta ba, na'urar da ke bayanta ce ta haɗiye.

In siwic ne ya haɗiye, abu biyu za ka fara zargi. Na farko VLAN. `show vlan brief` zai nuna maka ko VLAN ɗin ma akwai shi, da bakunan da ke cikinsa, `show interfaces trunk` kuma ya nuna ko an bar shi ya ratsa tirank, wato wayar da ke ɗaukar VLAN da yawa. Ƙaramin siwic ɗin da ke zuwa da GNS3 yana sa duk bakunansa a VLAN 1 nau'in access, in kana son ya ɗauki VLAN da yawa sai ka mayar da bakin dot1q a saitinsa.

Na biyu shi ne STP, tsarin da ke hana kaya yin zagaye tsakanin siwic-siwic, kuma yana da wayo, domin matsalarsa ta ɗan lokaci ce. Bakin siwic ɗin Cisco da ya tashi yakan yi daƙiƙa 15 yana saurare, ya ƙara 15 yana koyo, jimilla 30, kafin ya fara wuce da kaya. VPCS kuwa a cikin 'yan daƙiƙu yake gama shelarsa uku ya haƙura. Alamarta ita ce: da ka kunna komai abin ya ƙi, bayan minti ɗaya ka sake `ip dhcp` ya yi. Magani shi ne `spanning-tree portfast` a bakunan da kwamfutoci ke ciki, a IOSvL2 kuma `spanning-tree portfast edge`. Kada a sa shi a bakin da ke zuwa wani siwic.

In shelar ta kai bakin rauta amma ya yi gum, ga tsarin da ya kamata ya kasance a kansa:

```
interface g0/0
 ip address 192.168.10.1 255.255.255.0
 no shutdown
ip dhcp excluded-address 192.168.10.1 192.168.10.10
ip dhcp pool DAKI10
 network 192.168.10.0 255.255.255.0
 default-router 192.168.10.1
 dns-server 8.8.8.8
 lease 0 1
```

Fara da `show ip interface brief`. Bakunan rautan Cisco a rufe suke zuwa, kuma koren fitilar GNS3 ba ta nuna baki ya buɗe, tana nuna na'urar na kunne ne kawai. Sai ka kwatanta adireshin bakin da layin `network`. Rauta yana zaɓar rumbu ne ta hanyar duba adireshin bakin da shelar ta shigo. In bakin 192.168.10.1 ne, rumbun kuma 192.168.1.0, ba zai ga rumbun da ya dace ba, kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Duba kuma ko wani ya taɓa rubuta `no service dhcp`, domin wannan layin yana kashe sabar da ɗan aike (relay, mai miƙa shela zuwa wata cibiya) duka. In akwai ACL, jerin dokokin abin da zai wuce, a bakin ta ɓangaren shigowa, tuna cewa shelar daga 0.0.0.0 take, ba daga 192.168.10.0 ba, don haka layin da ya ba wa cibiyar izini bai shafe ta ba. Ƙara `permit udp any eq bootpc any eq bootps` a sama. Domin ka ji ta bakin rautan kai tsaye, kunna `debug ip dhcp server events` da `debug ip dhcp server packet`, in ka gama ka kashe da `undebug all`.

Rumbu ma yakan ƙare, musamman a ɗakin gwaji inda ake goge kwamfutoci ana sake jawo sababbi. Wa'adin haya na asali a IOS, manhajar rautan Cisco, kwana 1 ne, kuma kowace sabuwar VM da sabon MAC, wato lambar katinta, take zuwa. Rumbun /28 adireshi 14 ne kacal, kafin la'asar sun ƙare. `show ip dhcp pool` da `show ip dhcp binding` za su nuna maka, `clear ip dhcp binding *` kuma ya share. Shi ya sa aka sa `lease 0 1` a sama, wato awa 1. Akwai wani jerin da ake mantawa: duk adireshin da rauta ya yi wa ping aka amsa, yana jefa shi cikin `show ip dhcp conflict`, kuma ba ya sake bayar da shi sai an share da `clear ip dhcp conflict *`.

In sabar Linux ce mai isc-dhcp-server, duba layin INTERFACESv4 a /etc/default/isc-dhcp-server, ka tabbatar katin sabar yana da tsayayyen adireshi a cikin cibiyar da aka bayyana a dhcpd.conf. In ba haka ba za ta ƙi tashi, tana cewa `No subnet declaration`. ISC ta daina kula da wannan manhaja a ƙarshen 2022, ta mayar da hankali kan Kea, amma har yau tana cikin darussan da ke yawo.

Idan sabar na wata cibiya daban

Shela ba ta ƙetare rauta. In kwamfutoci na VLAN 20, sabar kuma na 10.0.0.2, sai an naɗa ɗan aike da `ip helper-address 10.0.0.2`. Wurin sa shi shi ne bakin da ke fuskantar kwamfutocin, misali g0/0.20 ko interface vlan 20, ba bakin da ke fuskantar sabar ba. Rautan zai karɓi shelar, ya rubuta adireshin wannan bakin a gurbin da ake kira giaddr, ya miƙa ta kai tsaye ga sabar. Da giaddr sabar ke zaɓar rumbu, kuma zuwa giaddr take mayar da amsa.

A nan ne ake yawan faɗuwa. Mutum zai yi ping daga rauta zuwa sabar, ya ga an amsa, ya ce hanya a buɗe take. Amma wannan ping ɗin daga bakin 10.0.0.1 ya fita, wanda sabar ta riga ta sani. Amsar DHCP kuwa 192.168.20.1, adireshin bakin VLAN 20, za ta nufa, in sabar ba ta san hanyar 192.168.20.0/24 ba, tayin zai mutu a hannunta. Gwajin gaskiya shi ne `ping 10.0.0.2 source g0/0.20`. In bai wuce ba, ƙara wa sabar hanyar komawa ko ƙofar fita.

DHCP snooping, tsaron da siwic ke yi don toshe sabar bogi, na da nasa tarkon. Da ka kunna shi, duk bakuna sun zama marasa amana, kuma siwic zai zubar da duk Offer da ya shigo ta bakin da ba a rubuta wa `ip dhcp snooping trust` ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne siwic ɗin yana ƙara Option 82 a cikin shelar, ya bar giaddr a 0.0.0.0, rautan Cisco kuma yana watsar da irin wannan saƙo. A Wireshark za ka ga Discover ya isa rauta lafiya, amma shiru. Rubuta `no ip dhcp snooping information option` a siwic, ko `ip dhcp relay information trust-all` a rauta.

Cloud, NAT da Wi-Fi

Idan kana son kwamfutocin gwaji su karɓi adireshi daga wajen GNS3, na'urar NAT ta GNS3 ta fi Cloud, mai jona gwajinka da katin uwar kwamfuta, sauƙi. A GNS3 VM ko Linux, tana jonuwa da gadar virbr0 ta libvirt, inda dnsmasq ke raba adireshi a 192.168.122.0/24, ƙofar fita 192.168.122.1. In ta ƙi aiki a Linux, rubuta `virsh net-list --all`. In cibiyar default ba ta kunne, `virsh net-start default` sannan `virsh net-autostart default` don ta riƙa tashi da kanta. `virsh net-dhcp-leases default` zai nuna wa aka ba me.

Cloud da aka ɗaura wa katin Wi-Fi kuwa, kada ka ɓata dare a kai. Na'urar Wi-Fi tana karɓar kaya ne daga MAC ɗin da ya yi rajista da ita kawai, shelar VM kuma da wani MAC take fita, sai a zubar. Mai laftof da ke shiga intanet ta wayar hannu ko ƙaramin rautan Wi-Fi ya yi amfani da NAT kawai, ko ya nemi wayar Ethernet. In GNS3 VM na zaune a kan ESXi, je saitin tsaron vSwitch ka mayar da Promiscuous mode, MAC address changes da Forged transmits zuwa Accept, domin dalilin ɗaya ne: MAC da yawa na fita ta kati ɗaya. A VirtualBox ma, katin GNS3 VM da Cloud zai bi yana buƙatar Promiscuous Mode a kan Allow All.

Adireshi ya zo, amma ba shi ba ne

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. In saba biyu na jin shela ɗaya, kwamfutar takan ɗauki tayin da ya riga zuwa. Yana faruwa idan VMnet ɗin da GNS3 ke amfani da shi yana da alama a kan Use local DHCP service to distribute IP address to VMs, ko an jona NAT ko Cloud a siwic ɗin da rautanka ke rabo. A Wireshark za ka ga Offer biyu. Buɗe kowanne ka duba Option 54, shi ne adireshin sabar da ta aiko. A Windows `ipconfig /all` na nuna shi a layin DHCP Server. Farkon MAC ma na tona asiri: 08:00:27 na VirtualBox ne, 00:0C:29 da 00:50:56 na VMware, 52:54:00 na QEMU.

Sai matsalar tagwaye: VM biyu, adireshi ɗaya. In kwafi ka yi, fara duba MAC. A VirtualBox, wajen yin kwafi zaɓi Generate new MAC addresses for all network adapters, a VMware kuma in ya tambaye ka, amsa I copied it. Amma da Ubuntu Server daga 18.04 zuwa sama, ko MAC ya bambanta tagwayen za su iya cin karo. Dalili shi ne systemd-networkd ba da MAC yake gabatar da kansa ba. Yana aika shaida a Option 61 wadda aka samo daga /etc/machine-id, kuma kwafi yana gadon wannan fayil yadda yake. A idon sabar mutum ɗaya ne ke ta dawowa, sai ta sake miƙa masa adireshinsa. Gyara iri biyu ne. Ko ka ƙara `dhcp-identifier: mac` a ƙarƙashin katin a netplan, ko ka wofintar da fayil ɗin da `sudo truncate -s 0 /etc/machine-id` a kan VM ta asali, ka kashe ta, sannan ka yi kwafi, kowace za ta ƙirƙiri nata idan ta tashi. Na biyun ya fi, domin machine-id ba DHCP kaɗai ke dogara da shi ba. Duba kuma /var/lib/dbus/machine-id: in fayil ne mai zaman kansa ba mahaɗi zuwa na farkon ba, goge shi, in ba haka ba tsohuwar lambar za ta dawo daga can.

Wannan shaidar ce kuma ke sa keɓe adireshi ga wata kwamfuta a IOS ya ƙi aiki. Windows tana aika 01 haɗe da MAC, don haka ga MAC 08:00:27:aa:bb:cc za ka rubuta `client-identifier 0108.0027.aabb.cc`, ba `hardware-address` ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar ta ta karɓi kowane adireshi tukuna, ka kwafi abin da `show ip dhcp binding` ya nuna.

In adireshi ya zo daidai amma intanet ta ƙi buɗewa, DHCP ya gama nasa sai dai in ka manta `default-router` ko `dns-server`. Gwada ping zuwa ƙofar fita, sannan 8.8.8.8, sannan suna. In rautanka na tsakanin kwamfutocin da na'urar NAT, ka sani cewa libvirt yana fassara adireshin 192.168.122.0/24 ne kaɗai, bai san 192.168.10.0 ba. Sa `ip address dhcp` da `ip nat outside` a bakin da ke fuskantar NAT (a nan g0/1), `ip nat inside` a na ciki, ka rubuta `access-list 1 permit 192.168.10.0 0.0.0.255`, sannan `ip nat inside source list 1 interface g0/1 overload`. Ka yi ping daga VM, ka duba `show ip nat translations`, layukan fassara za su bayyana.